Hujin Ozon: Yadda Ake Bambance Abin da Sinadari Ya Ci da Abin da Iska Ta Kwashe

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, gero ya fara nuna a gonakin Darazo da Ningi, sai labarin hujin ozon ya dawo gidajen rediyo da shafukan Facebook. Ranar 16 ga watan ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin kare bargon ozon, kuma a ɗan tsakanin nan ne hukumomin Amurka da na Turai ke sa ido kan girman hujin. A 2019 aka ce wanda ke saman Antatika, a ƙuryar kudancin duniya, ya tsaya a murabba'in kilomita miliyan 16.4, ƙanƙantar da rabon a ga irinta tun 1982. Ba a rufa wata bakwai ba, a Maris na 2020, sai ga labarin wani ya ɓulla a ƙuryar arewa. A 2023 na kudun ya kai miliyan 26, a 2024 ya sauko 22.4.

Wanda ke bin waɗannan labarai daga Bauchi dole kansa ya ɗaure. Ciwon nan warkewa yake yi, ko kwanciya yake yana tashi? A majalisun unguwa kuma, idan zafin Afrilu ya matsa, ba a rasa mai cewa ai sama ce ta huje shi ya sa rana ke dukanmu haka. Rabin wannan ruɗani daga wurin awo ya taso, domin adadin da ake karantowa a labarai abu biyu ne a cakuɗe: ozon ɗin da sinadari ya lalata, da wanda iska ta kawo ko ta kwashe. Aikin masu awo shi ne su raba su.

## Mene ne ozon, mene ne kuma hujin?

Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a manne. Idan suka zama uku, shi ne ozon. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana hawa na biyu na sararin sama, wanda masana ke kira sitiratosfiya, ya fi kuma taruwa tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, sama da inda jiragen fasinja ke bi. Amfaninsa shi ne tace wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wato UV, mai ƙona fata, mai jawo sankarar fata da yanar ido, mai kuma raunana tsirrai.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunan Gordon Dobson aka sa masa, malamin Jami'ar Oxford da ya ƙera na'urar awon a shekarun 1920. Da za a sauko da dukan ozon da ke saman kanka a danne shi a nan ƙasa, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba, bai kai gilashin taga ba. Wannan shi ne Dobson 300, matsakaicin abin da ake samu a duniya.

Hujin kuwa ba ƙofa ce a buɗe ba. Wuri ne da bargon ya sire, kamar tsohon zane da ya ci wanki. An yi ittifaƙi a kira duk yankin da awonsa ya gaza Dobson 220 da huji, saboda kafin 1979 ba a taɓa ganin adadi ƙasa da haka a saman Antatika ba. A riƙe wannan 220 ɗin, za a dawo kansa.

## Me ya haɗa shi da hunturu?

Sinadaran CFC da aka yi shekaru ana zubawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi ba sa ruɓewa a nan ƙasa. Suna hawa sama sannu a hankali, hasken rana ya farfasa su, kulorin ɗin da ke cikinsu ya fita. Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka yi wannan gargaɗi a 1974. Sai dai a yawancin duniya wannan kulorin a ɗaure yake cikin wasu sinadarai guda biyu da ba sa taɓa ozon. Abin da ke kwance shi sanyi ne.

Lokacin da muke tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, Antatika na cikin hunturu da duhu. A tsakiyar ƙuryar kudu rana kan faɗi a Maris, ba za a sake ganinta ba sai Satumba. Iskar sama ta huce matuƙa, sai wata guguwa mai ƙarfi ta kewaye nahiyar kamar katangar gari, ta hana iskar ciki cuɗanya da ta waje. Idan sanyin ciki ya kai wajen digiri 78 ƙasa da sifili, wasu gizagizai na musamman kan haɗu a wurin da a ka'ida ya fi ƙarfin gajimare saboda bushewa. A jikin ƙwayoyin waɗannan gizagizai ne kulorin ke kwancewa. Susan Solomon da abokan aikinta suka kawo wannan bayani a 1986, ta kuma jagoranci tawagar da ta je tashar McMurdo da ke Antatika a shekarar don gwada shi.

Duk tsawon duhun, kulorin taruwa kawai yake, kamar itacen da aka jera a murhu ba a kai ga ƙyasta ashana ba. Hasken rana ne ashanar. Da ya fara leƙowa a ƙarshen Agusta, sai ɓarna ta kankama, ƙwayar kulorin ɗaya ta lalata dubun dubatar ƙwayoyin ozon kafin a sake ɗaure ta. Zuwa farkon Oktoba, tsakanin kilomita 14 da 21 kusan ba abin da ke saura. A Nuwamba ko Disamba katangar ta rushe, iskar waje mai ozon ta kwararo, hujin ya rufe sai baɗi.

A ƙuryar arewa, wato Aktik, lissafin a juye yake: sanyinsu ya zo daidai da hunturunmu, ɓarnar kuma a Fabrairu da Maris, lokacin da bazara ke shigo mana.

## Kayan awo, da inda kowanne ke gazawa

Na'urar Dobson a ƙasa take zaune. Tana kwatanta launin UV guda biyu, ɗaya ozon na shanye shi sosai, ɗayan kaɗan, daga bambancin sai a san yawan abin da hasken ya ratsa. Da irinta aka gano hujin. Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, ma'aikatan hukumar binciken Antatika ta Birtaniya, suka wallafa a Mayun 1985 cewa awon watan Oktoba a tashar Halley da ke Antatika ya faɗo daga wajen 300 zuwa ƙasa da 200. Abin da ya ba maganarsu nauyi shi ne tashar tana awo tun shekarun 1950, da akwai abin kwatantawa. Wani masanin Japan, Shigeru Chubachi, shi ma ya ga irin wannan faɗuwa a tashar Syowa a 1982.

Tauraron ɗan'adam na Nimbus-7 yana sama tun 1978 ɗauke da na'urar TOMS mai auna ozon, ya kuma ga abin. Amma an tsara kwamfutarsa ta ware duk adadin da ya gaza 180 a matsayin abin shakka, sai an bincika. Kafin a gama binciken, mutanen Halley sun riga sun yi magana.

Matsalar waɗannan biyun ɗaya ce: da hasken rana suke aiki, hunturun ƙurya kuma duhu ne. A ƙasa akan lallaɓa da hasken wata idan ya cika. Taurarin da ke dogaro da UV kuwa, har da na zamani, makafi ne a wannan lokaci, shi ya sa ake ganin wani fili ba launi a tsakiyar taswirar watan Yuli.

Abin da ke shiga duhun kai tsaye shi ne balan-balan. Ana ɗaura masa ɗan akwatin soso, a ciki da ɗan famfo mai zuƙo iska yana tura ta cikin ruwan sinadarin fotasiyam ayodaid. Duk ozon ɗin da ya shiga sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, rediyon da ke jiki ya aiko da adadin ƙasa, hawa bayan hawa, har balan-balan ɗin ya fashe a wajen kilomita 30 zuwa 35. Hukumar NOAA ta Amurka tana sakin irinsa a kai a kai daga tsakiyar ƙuryar kudu tun 1986. Shi ne ke nuna a wane tsayi aka yi asarar, amma wuri ɗaya yake gani a rana ɗaya.

Sai na'urar MLS da ke kan tauraron Aura, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a Yulin 2004. Ita ba ta jiran rana, tana sauraron igiyoyin maikurowef da iskar kanta ke fitarwa, ta auna ozon, ta auna kulorin ɗin da ya kwance, dare da rana. Na'ura ce da ta haura shekara 20 a sama, kuma masana sun sha nuna damuwa kan giɓin da za a samu bayanta.

## Ƙwari ne suka ci, ko ɗiba aka yi?

A nan aikin yake. Manomi ya leƙa rumbunsa ya ga hatsi ya ragu. Ƙwari ne, ko iyali ne suka ɗiba? Wanda ya fi wannan wuya: ya leƙa ya ga hatsin bai motsa ba, alhali kullum ana zuba sabo ta sama, ƙwari na ci ta ƙasa. Haka cikin katangar iskar yake. Iskar da ta huce nauyi take yi, tana nitsowa a hankali duk tsawon hunturu, tana sauko da ozon daga sama. Wanda ya tsaya a tsayi ɗaya yana awo zai iya ganin adadi bai canja ba, ya ce lafiya lau, bayan kuwa an yi asara an cike gurbinta. Katangar ma ba a kafe take ba. Yau tana saman tasharka, gobe ta gusa, adadin ya tashi ba don wani abu ya gyaru ba.

Dabarar da ta fi kusa da gani da ido ita ce ta bin sawun iska, wadda Peter von der Gathen da Markus Rex na cibiyar Alfred Wegener ta Jamus suka yi fice da ita tun shekarun 1990. Misalinta garken shanu ne da aka ƙirga a Alkaleri, aka san burtalin da zai bi, aka buga wa wani waya ya tare shi a gaba ya sake ƙirgawa. Ana sakin balan-balan a wata tasha, a ce Ny-Alesund da ke tsibirin Svalbard. Kwamfuta ta lissafa inda wannan dunƙulen iskar zai kai bayan kwana biyar ko bakwai. Idan zai ratsa saman Sodankyla a Finland, sai a sanar da su sa'ar da za su saki nasu. Iska ɗaya aka auna sau biyu, don haka bambancin na sinadari ne. Da yake kowane awo na da ɗan kuskurensa, hasashen hanyar iska ma haka, sai an tara ɗaruruwan irin wannan a hunturu guda kafin a yi magana. Daga nan ne aka samu hujja mai ƙarfi cewa asarar tana tafiya ne da yawan sa'o'in da iskar ta yi a cikin hasken rana.

Wata dabarar kuma ta tsakuwa ce a cikin gero. Ƙwari na cin gero, ba sa cin tsakuwa. Idan ka san yawan tsakuwar da ke cikin kowane mudu tun farko, daga baya ka tarar tsakuwa na nan gero ya ragu, ka san abin da aka ci. Tsakuwar a nan wasu iskoki ne masu daɗewa, irin su naitiros oksaid da misen, da ke tafiya tare da ozon amma kulorin bai cika damunsu ba. Rauninta shi ne idan iskar waje ta ɗan tsallako katanga ta cakuɗa, lissafin na iya nuna asarar da ba a yi ba.

Ta uku a kwamfuta ake yinta. A ɗauki awon farkon hunturu, a bar iska ta yi ta yawo da ozon ɗin a cikin lissafi, amma a kashe sinadari kwata-kwata. A ƙarshe a kwatanta da abin da aka auna a zahiri. Littafin shago ke nan da abin da aka tarar a kan kanta. Idan littafin ya yi kuskure wajen motsin iska, kuskuren zai fito da sunan asara.

Babu ɗaya a cikinsu da ta isa ita kaɗai. Abin dogaro shi ne idan hanyoyin da rauninsu ya bambanta suka faɗa a kan adadi ɗaya ko kusa da juna, kuma a manyan shekarun asara hakan ake samu.

## Inda 220 ke ɓoye gaskiya

Antatika teku ne ya kewaye ta, katangarta kan zauna daram. Arewa kuwa akwai duwatsun Himalaya da na Rocky da manyan nahiyoyi, suna tayar da igiyoyin iska da ke dukan katangar, wani lokaci su rushe ta tun Janairu. Saboda haka a Aktik wata shekarar asarar kaɗan ce, wata shekarar mai yawa. Kuma bargonta na Maris mai kauri ne, yakan haura 400. Ko an ci 100 daga ciki, ba a kai 220 ba, ba za a ce huji ba, amma an yi ɓarna.

A 2011 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce Aktik ta yi asarar kusan kashi 40 cikin 100 daga farkon hunturu zuwa ƙarshen Maris, binciken da Gloria Manney ta jagoranta ya nuna sama da kashi 80 a tsayin kilomita 18 zuwa 20. Masana suka rabu kan suna: wasu suka ce huji ne, wasu suka ce bai cika sharaɗin ba. A 2020 katangar ta yi ƙarfi ta daɗe, NASA ta auna 205 ranar 12 ga Maris. Ƙanƙantar hujin kudu a 2019 ma ba daga raguwar kulorin ta zo ba, ɗumi ne ya afka wa katangar ba zato. Labarin shekara guda, mai daɗi ko marar daɗi, galibi labarin iska ne.

## Ana warkewa?

Rahoton haɗin gwiwa na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a Janairun 2023 ya ce, idan aka ci gaba a kan dokokin yanzu na daina sinadaran da ke lalata shi, ozon zai koma matsayinsa na 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, 2045 a Aktik, 2066 a Antatika. Jinkirin daga daɗewar sinadaran ne: CFC-11 kan yi wajen shekara 50 a sama, CFC-12 wajen 100.

A ƙarshen 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Otago ta New Zealand suka ce a tsakiyar hujin, ozon na Oktoba ya ragu da kashi 26 tun 2004. Waɗanda suka ƙalubalance su suka ce shekarun 2020 zuwa 2022 ba na yau da kullum ba ne, ga hayaƙin gobarar dajin Ostiraliya, ga dutsen Hunga Tonga da ya yi aman wuta a Janairun 2022 ya watsa tururi sama, kuma Satumba ne watan da tasirin kulorin ya fi fitowa fili. A Maris na 2025 wani bincike daga jami'ar MIT ta Amurka, da Solomon a ciki, ya ce da tabbacin kashi 95 farfaɗowar da ake gani daga rage sinadaran take. Nauyin hujja ya fi karkata nan. Abin da ba a rufe ba shi ne makomar Aktik: hayaƙin da ke ɗumama ƙasa yana sanyaya sitiratosfiya, wasu na ganin hunturu masu tsanani za su ƙara tsanani, wasu na cewa lissafi bai nuna haka ba.

Awon yana da wani amfanin. A 2018 aka lura CFC-11 ba ya raguwa yadda ya kamata, aka bi sawunsa, aka gano kaso mai yawa daga gabashin Sin yake fitowa. Zuwa 2019 fitarsa ta ragu.

## Ina ruwan mutumin Bauchi?

Babu huji a samanmu. A 2022 wani masani a Jami'ar Waterloo ta Kanada ya yi iƙirarin akwai wani ƙato a saman ƙasashe masu zafi, labarin ya yi yawo sosai, amma masana fannin da dama suka yi watsi da shi, saboda ya canja ma'anar huji ya kuma dogara da tsofaffin alkaluman da ba su da ƙwari. Zafin Maris da Afrilu daga tsayuwar rana a ka yake, da bushewar ƙasa, da ɗumamar yanayi a kai.

Sai dai bargonmu tun asali siriri ne, wajen 250 zuwa 280. A saman yankinmu ake ƙera yawancin ozon, iska ta kwashe shi zuwa ƙuryoyin duniya. Ga rana a tsaye, don haka ƙarfin UV na tsakar rana yakan kai mataki na 11 ko fiye a watanni da yawa. Wanda abin ya fi shafa shi ne zabiya, da sankarar fata ke yi wa barazana tun yana matashi, sai manomi da makiyayi da ɗan acaɓa da idonsu ke shan rana shekara da shekaru. Malafa, riga mai dogon hannu, tabarau mai tare UV, da man kariya ga zabiya, buƙatarsu ba ta jiran labarin Antatika.

Ɗaya igiyar da ta ɗaure mu da can tana rumfar mai gyaran firji. Ka tsaya a irin rumfunan nan na wajen Wunti ka ga an kwantar da tsohon firji, an datse siririn bututun jan ƙarfe da ke bayan kwamfiresa, gas ya fita da 'yar ƙara, cikin minti guda an wuce wurin. Ta saman yankuna masu zafi irin namu iska ke shiga sitiratosfiya, bayan 'yan shekaru ta isa ƙurya. Idan gas ɗin R-12 ne, wato CFC-12, ko R-22 da shi ma ke ɗauke da kulorin, kulorin ɗinsa na cikin abin da balan-balan ɗin can zai tarar da aikinsa.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta tsara daina sinadaran da ke lalata ozon, a shekarar 1988, akwai kuma ofishin ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Wa'adin daina CFC ga ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. R-22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki shi ke kan layi: jadawalin ya ce a rage kashi 67.5 zuwa 2025, a kusan gamawa da shi a 2030. R-134a na motoci ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya, shi kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ne ya sa shi a layin ragewa.

Ga mai gida, ma'anar wannan ita ce R-22 zai riƙa ƙaranci, cika tsohuwar na'ura zai riƙa tsada, mai sayen na hannu kuma yana iya sayen abin da gas ɗinsa ke hanyar ɓacewa. Akwai 'yar takarda a manne a bayan firji ko a jikin kwamfiresa da ke nuna irin gas ɗin, ita ya kamata a fara dubawa kafin ciniki. Ga mai gyara, yawancin sababbin firji R-600a suke sha, wasu na'urorin kuma R-290. Duka biyun ba sa cutar da ozon, amma dangin gas ɗin girki ne, suna kama wuta. Yaron da ya koyi aiki a kan R-12, ya saba kunna wutar walda da gas a cikin bututu, sai maigidansa ya sake zaunar da shi kafin ya taɓa waɗannan.